Yadda Ake Zaɓen Kayak Na Farko Domin Kamun Kifi

Duk wanda ke kallon bidiyon kamun kifi a YouTube ko TikTok ba zai rasa cin karo da wani ɗan ƙaramin kwale-kwale na roba ba, mai ɗaukar mutum ɗaya, an kakkafa masa sandunan fatsa da allon na'ura a gaba. Shi ne ake kira kayak. Ganinsa a bidiyo yana da sha'awa, amma wanda ya shiga shagon intanet da niyyar saye zai tarar da samfura barkatai, kowanne da jerin lambobi a ƙarƙashinsa kamar bayanin wayar hannu.

Kuskure a sayen kayak ya fi kuskure a sayen waya tsada. Waya idan ba ta yi ba sai a kai ta kasuwa a sauya. Kayak kuwa idan bai dace da nauyin mai shi ko ruwan da zai shiga ba, a tsakiyar ruwa ake ganewa. Don haka darasin nan zai bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta ita ce a fara da ruwan da za a shiga da nauyin da za a ɗora, kayan ƙawa da na'urori su zo daga ƙarshe.

Daga ina kayak ya samo asali?

Mutanen Inuit da maƙwabtansu da ke yankin ƙanƙara na Girinlan, arewacin Kanada da Alaska ne suka ƙirƙiro shi shekaru dubbai da suka wuce, kuma sunan daga harshensu ya fito. Suna haɗa firam da itacen da ruwa ya kawo gaɓa ko ƙashi, su rufe shi da fatar dabbar teku, su bar rami guda inda mafarauci zai zura ƙafafunsa ya zauna.

Abin da ya bambanta shi da kwale-kwalen da aka sani a Kogin Kwara ko Binuwai shi ne zama da tuƙi. Mai kayak yana zaune ne ƙasa-ƙasa, ƙafafunsa a miƙe, kuma filafilinsa baki biyu gare shi, yana tsoma dama yana tsoma hagu.

A shekarun 1970 aka fara zuba kayak da roba a masana'anta, abin da ya karya farashinsa. A farkon waɗannan shekarun ne kuma wani Ba'amurke mai suna Tim Niemier, a gaɓar Malibu ta jihar Kaliforniya, ya soma ƙera irin wanda ake zama a samansa, daga baya ya kafa kamfanin Ocean Kayak a 1988. A 1997 kamfanin Hobie ya fito da MirageDrive, tsarin tuƙi da ƙafa. Waɗannan sauye-sauye su suka jawo masu fatsa zuwa ga kayak.

Tambayoyi kafin a buɗe shagon intanet

Kamar yadda mai rubuta manhaja ke fara tantance abin da ake buƙata kafin ya taɓa madannai, haka mai sayen kayak zai ɗauki takarda ya amsa waɗannan:

1. Wane ruwa za a fi shiga? Tafki ne mai kwanciya, madatsar ruwa mai faɗi irin Tiga ko Kainji inda iska ke tayar da igiyar ruwa, ko kogi mai gudu?
2. Nawa ne nauyin mutumin haɗe da kayansa?
3. Da me za a kai kayak ɗin bakin ruwa, kuma wa zai taya ɗauka?
4. Ina za a ajiye shi a gida, akwai inuwa?

Wanda bai amsa waɗannan ba, talla ce za ta zaɓar masa.

Nau'o'i uku da za a ci karo da su

Na farko shi ne mai rami, wanda ya gaji siffar na Inuit. Ƙafafu suna ciki, jiki yana samun kariya daga sanyi, ga shi da sauƙin nauyi. Matsalarsa ita ce idan ya kife ramin yana cika da ruwa, kuma kwashe ruwan da komawa ciki a wuri mai zurfi abu ne da sai an koya. An yi shi ne musamman don ƙasashe masu sanyi.

Na biyu shi ne mai buɗaɗɗen sama. Gangar jikinsa rufaffiya ce ruf, cikinta iska, mutum yana zaune a kai. Akwai ramukan magudana da suka ratsa daga sama zuwa ƙasa, duk ruwan da ya fantsamo yana zurarewa da kansa. Idan ya kife, sai a juya shi a sake hawa. Ga filin ajiye kaya a baya, ga damar juyawa a zauna ta gefe. Wannan ne ya fi dacewa da mai koyo, musamman a wuri mai zafi inda jiƙewa ba ta da illar sanyi.

Na uku shi ne na hurawa, wanda ake yi da PVC a naɗe shi a jaka. Ya fi sauƙin aikowa daga waje da ajiyewa a ɗaki. Masu kyau daga cikinsu suna da dubban zaruruwa da suka haɗa saman bene da ƙasansa ta ciki, shi ya sa suke tauri kamar katako idan an hura. Sai dai iska tana tura shi cikin sauƙi saboda rashin nauyi, ga barazanar ƙugiya da ƙayar kifi irin ƙurungu. Haka nan iskar da ke ciki tana faɗaɗa idan ta ji zafi, don haka wanda aka hura da sanyin asuba aka bari a kan yashi da tsakar rana yana iya tsagewa a ɗinki. Na hurawa mai arha da ake sayarwa don wasan yara a wurin ninkaya ba ya cikin lissafi sam.

Karanta lambobin

Yawancin shaguna suna rubuta awo da ƙafa, inci da fam. Ƙafa ɗaya santimita 30.5 ce, inci ɗaya santimita 2.54, fam ɗaya kuma kusan kilo 0.45.

Tsawo. Dogon kayak ya fi gudu, ya fi tafiya a miƙe. Gajere ya fi saurin juyawa da sauƙin ɗauka, amma hancinsa yana karkata dama da hagu a duk bugun filafili. Ga mai koyo, tsakanin ƙafa 10 da 12, wato mita 3 zuwa 3.7, shi ne daidai. Ƙaramin tafki ko rafi mai lunguna, ƙafa 10 ta wadatar. Babban ruwa inda za a yi tafiyar kilomitoci, a ɗauki mai ƙafa 12.

Faɗi. Shi ke ba da daidaito. Kayak na fatsa yawanci yana tsakanin inci 30 da 34, wato santimita 76 zuwa 86. Wanda ya haura haka ana iya tsayuwa a kansa, amma yana da nauyin tuƙi, kuma komawa gaɓa ana fuskantar iska zai zama aiki.

Siffar ƙasa. Daidaito iri biyu ne. Akwai wanda ake ji idan ruwa yana kwance, akwai kuma wanda ke hana kifewa idan kayak ya karkata. Mai shimfiɗaɗɗen ƙasa yana da na farko sosai, amma idan igiyar ruwa ta buge shi ta gefe yana bin karkatar ruwan. Mai ƙasa mai tsini ko zagaye yana rawa da farko, sai dai ya fi jure igiya. Akwai kuma mai ƙasa kamar randa biyu a jere da kwari a tsakiya, wanda ya fi kowanne tsayawa. Mai koyon da zai fara a ruwa mai kwanciya ya nemi wannan ko mai shimfiɗaɗɗen ƙasa.

Nauyin da yake ɗauka. Nan ne aka fi yin kuskure. Lambar da kamfani ya rubuta ita ce iyaka ta ƙarshe. Tun kafin a kai ta, kayak ɗin zai nutsa ƙasa, ruwa ya riƙa shigowa ta magudanan maimakon fita, tuƙi ya yi nauyi. Ƙa'idar da masu harkar suka saba bi ita ce kada kaya su wuce kusan kashi 70 cikin 100 na lambar.

Ga misali. Mutum mai kilo 75, kula da ƙanƙara kilo 10, ruwan sha kilo 3, batir kilo 2, ƙarfen tsayar da jirgi kilo 2, sanduna da akwatin ƙugiyoyi kilo 5, filafili da rigar kariya kilo 2, sai kifin da ake fatan kamawa kilo 10. Jimla kilo 109. Idan aka raba 109 da 0.7 za a samu kusan 156. Ke nan yana buƙatar kayak mai lambar kilo 156 ko sama, abin da shaguna ke rubutawa fam 350. A lura, wasu kamfanoni suna haɗa nauyin kayak ɗin kansa a cikin lambar, don haka a karanta ƙananan rubutun.

Nauyinsa shi kansa. Mai ƙafa 10 zuwa 12 marar tarkace yakan kai kilo 22 zuwa 35. Masu feda da manyan kujeru suna haura kilo 45. Kayak ɗin da sai an nemi mutum biyu kafin a ɗora shi a mota, a zaure zai ƙare yana shan ƙura.

Robar jiki da zafin rana

Mafi yawansu ana yin su ne da roba mai ƙarfi da ake rubutawa HDPE. Ana zuba garin robar a cikin maƙera, a riƙa juya ta a cikin tanda har ta narke ta lulluɓe bangon, sai kayak ya fito guda ɗaya ba haɗi. Masu arha kuma rabi biyu ake yi a manne, kuma ta wurin mannewar suke fara yoyo.

Wannan roba tana jure karo da dutse, amma rana abokiyar gabarta ce. Hasken rana yana sa ta koɗe ta yi gautsi, zafi kuma yana sa ta lotsa idan aka ɗaure ta da ƙarfi a kan mota ko aka bar ta a kan siminti mai zafi. A ajiye shi a inuwa, a kife ko a jingine ta gefe. Idan ya tsage, gam ba ya kama irin wannan roba da kyau. Walda ake yi masa da iska mai zafi da guntun roba irin tasa, kamar yadda masu gyaran tankin ruwa ke yi.

Filafili, feda ko inji?

Feda tana ba mutum damar tafiya hannayensa na kan sandar fatsa. Amma tana ƙara kuɗi da nauyi sosai, tana buƙatar zurfi a ƙarƙashinta, ciyawar ruwa irin kainuwa da tsofaffin taru suna naɗe ta, kuma idan wani ƙarfe ya karye sai an yi odarsa daga waje. Injin batir shi ma haka, ga nauyin babban batir. Mai koyo ya fara da filafili, domin ko mai feda dole ya iya shi ranar da fedar ta tsaya.

Tsawon filafili yana bin faɗin kayak da tsayin kujera. Ga kayak mai faɗin inci 30 zuwa 34, ana amfani da mai santimita 240 zuwa 250. Na alminiyom ya fi arha amma yana da nauyi, yana kuma ɗaukar zafi a rana. Hannu yana ɗaga shi sau dubbai a yini, don haka ƙarin kuɗi kaɗan a kan marar nauyi ba asara ba ne. A ɗaure shi da igiya a jikin kayak.

Kujera ma a duba ta. Mai firam ɗin ƙarfe da raga tana ɗaga mutum daga ruwan da ke taruwa a bene, tana barin iska ta ratsa bayansa. Amma duk yadda zama ya yi sama, haka daidaito ke raguwa. Mai koyo ya sa ta a matakin ƙasa.

Rigar kariya: ita ake fara saya

Kafin kayak, kafin na'ura, a ware kuɗin rigar kariya daga nutsewa. A ma'aunin ISO 12402 akwai matakai huɗu: 50N, 100N, 150N da 275N. Mai 50N taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kuma yana kusa da gaɓa. Mai 100N an yi ta don ruwa mai kwanciya. Mai 150N an tsara ta yadda za ta juya wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama. Wanda bai iya iyo ba ya fara koya tukuna, kuma kada ya sa ƙasa da 100N.

A gwada rigar a jiki, a ɗaure, a sa wani ya ja kafaɗunta sama. Idan ta haura kunne, ta yi yawa. A rataya mata usur. Rigar da aka cusa a bayan kujera ba ta ceton kowa, domin kifewa ba ta sallama.

Na'urorin da ake ɗorawa

Na'urar gano kifi tana aiki da amon sauti. Wani ɗan kai da ke taɓa ruwa yana harba sauti ƙasa, ya saurari dawowarsa. Sauti yana tafiya kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya a cikin ruwa. Idan amon ya dawo bayan daƙiƙa 0.008, ya yi tafiyar mita 12 zuwa da dawowa, ke nan zurfin mita 6 ne. Jakar iska da ke cikin yawancin kifaye tana maido da sauti da ƙarfi, shi ya sa suke fitowa a allo. Sauti mai 200 kHz yana ba da hoto dalla-dalla a ƙunƙuntaccen fili, mai 77 ko 83 kHz kuma yana rufe fili mai faɗi.

Iri biyu ne suka dace da mai farawa. Akwai mai allonta kamar Garmin Striker 4, wadda ke da GPS don alamta wuraren da aka samu kifi. Akwai kuma irin ƙwallon Deeper da ake jefawa da sandar fatsa, tana turo hoto zuwa manhajar waya.

Lissafin batir ba wuya. A raba ƙarfin batir da abin da na'ura ke ja. Batir mai 12V da 7Ah, irin na cikin UPS, idan na'ura tana jan 0.5A, a takarda zai yi awa 14. Amma batirin dalma yana saurin lalacewa idan ana ƙarar da shi, don haka a yi lissafi da rabi. A sa masa fiyus, a rufe shi a akwatin da ruwa ba ya shiga.

Wajen waya, IP67 na nufin ta jure zurfin mita 1 na minti 30. Wannan lamba ba ta ce wayar za ta yi iyo ba. A sa ta a jakar roba mai igiya a ɗaure a rigar kariya. A sauke taswirar wurin tun daga gida saboda rashin sabis, a kunna wa wani ɗan'uwa raba wuri kai tsaye a WhatsApp, wanda ke kaiwa awa 8, a kuma gaya masa lokacin dawowa da baki.

Duk da haka, a fitowa biyar na farko babu buƙatar na'urar gano kifi. Sanda ɗaya da ƙaramin akwatin ƙugiya sun isa. A dai tabbatar kayak ɗin yana da layin ƙarfe ko shimfiɗaɗɗen wuri da za a ɗaura na'ura nan gaba.

Sabo ko na hannu?

Mai yin oda daga waje ya sani cewa kamfanonin jigila suna cajin irin wannan kaya da girma, ba da nauyi kaɗai ba. Kayak mai tsawon mita 3.5, faɗin 0.85 da tsayin 0.4 yana cin kusan mita 1.2 na murabba'in sarari mai kusurwa uku, abin da 'yan jigila ke kira CBM. A nemi farashin kawowa da na kwastan kafin a biya kuɗin kaya.

Idan na hannu ne, a kife shi a duba ƙasan baya inda ake jan sa a ƙasa, nan ne ya fi cinyewa. A haska tocila a ramukan magudana a nemi tsagewa. A danna jikin da tafin hannu: lafiyayyar roba tana lotsawa ta dawo, wadda rana ta cinye tana ƙara kamar za ta fashe. A zuba bokitin ruwa a cikin gangar ta ƙofar ajiya a ga ko zai ɗiga. A kayak ɗin da aka yi don kasuwar Amurka akwai lamba mai haruffa 12 a gefen baya, biyun ƙarshe su ne shekarar samfurin.

Ruwan gida da abin da ke cikinsa

Bidiyon da ake gani yawanci a tafkunan Amurka da Turai aka ɗauke su. Ruwan Afirka ta Yamma yana da nasa sharuɗɗan. Akwai dorina da kada a sassan Kogin Kwara da Binuwai, kuma kayak ba ya kare mutum daga ko ɗaya. Ruwa mai kwanciya da ciyawa yakan ɗauki dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, mai buɗaɗɗen sama kuwa yana jiƙa ƙafa, don haka wanda ya ga jini a fitsari ya je asibiti. Iskar hunturu tana iya tura kayak nesa da gaɓa, hadarin damina yana tasowa cikin mintoci, kuma sandar fatsa a tsaye a fili lokacin tsawa haɗari ce. A nisanci bangon madatsa da inda ake sakin ruwa.

Kafin a jefa kayak a kowane ruwa, a je a gaida Sarkin Ruwa da masuntan wurin. Su suka san inda aka kafa taru da mamari, inda kututture ke ɓoye, da inda dabba ke kwana. Babu na'urar da ke da wannan bayani. A kuma tambaya ko hukumar da ke kula da madatsar ko sashen kamun kifi na jiha suna buƙatar izini.

Ranar farko

A bar kayan fatsa da waya a gaɓa. A sa riga, a tafi da wanda ya iya ruwa, a tsaya inda ruwa ya kai ƙirji, a kifar da kayak ɗin da gangan. A juya shi, a kama hannun da ke tsakiya, a bar ƙafafu su taso bayan mutum, a ja ciki a kwanta a kan kujera, sannan a juya a zauna. A maimaita har sai jiki ya saba, sannan a gwada inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa.

A kan ruwa, kai ya kasance a kan layin tsakiya koyaushe, domin inda kai ya leƙa nan jiki ke bi. A fara tafiya ana fuskantar iska, don ta taimaka wajen dawowa lokacin da hannu ya gaji. Idan babban kifi kamar giwan ruwa ya kama, a nuna sandar wajen hancin kayak, kada a bar shi ya ja ta gefe. Ƙarfen tsayar da jirgi kuma ta hanci ko ta baya ake ɗaure shi, kuma a ajiye wuƙa kusa don yanke igiya idan ta maƙale.

A taƙaice, ga abin da mai koyo zai nema a shago: mai buɗaɗɗen sama, na robar HDPE da aka zuba guda ɗaya, tsawon ƙafa 10 zuwa 12, faɗin inci 30 zuwa 34, nauyin da zai iya ɗagawa shi kaɗai, da lambar ɗaukar kaya wadda lissafinsa bai wuce kusan kashi 70 cikin 100 nata ba. Idan kuɗi bai kai a haɗa da riga mai kyau da filafili ba, a jinkirta sayen har ya kai. Allah ya tsare, ya ba da sa'a.